Gargaɗi ga masu kiwon kifin ado: hattara da mai tallar oranda da ranchu a intanet

Assalamu alaikum. Jama'a, duk wanda yake da kududdufin ado a tsakar gidansa, ko yake shirin haƙawa, ya daure ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai wani ɗan damfara da yake yawo a Facebook da Instagram da TikTok yana tallar kifin zinare, wanda muka fi sani da golfish, irin masu tsadar nan: oranda, ranchu, ryukin da baƙin nan mai fitattun idanu. Sunan shafin yana canzawa, lambar waya ma haka, amma salon ɗaya ne. Ya cuci wata 'yar uwata, ya cuci wani maƙwabcina, kuma da na fara bincike sai na tarar ba su kaɗai ba ne. Ina kiwon wannan kifi a gidana, ina son sa ƙwarai, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Bidiyon da yake sakawa ba nasa ba ne. Na gonakin kifi ne na Tailan da Indonesiya da Sin, ya yanke tambarin masu su, ya ɗora waƙa a kai. Idan kun lura za ku ga manyan tankuna shuɗaye jere reras da hannun wani da bai yi kama da na mutanenmu ba. Yakan ce kaya sun sauka Legas daga Japan, saura kaɗan, wanda ya riga biya shi ke da su. Sai ya faɗi farashin da bai kai rabin na gaskiya ba. Araha ba ta ado. Ranchun da aka ɗauko ta jirgin sama daga Yatomi ko Yamato-Koriyama, garuruwan da suka shahara da wannan kiwo a Japan, ba zai iso hannunka da kuɗin kaza ba.

Hanyarsa ta farko gajeriya ce. Ka tura kafin alƙalami, ya turo maka hoton kwali a tasha. Washegari ya ce direba yana neman kuɗin ƙarin iska a leda, jibi ya ce an tsare kayan a hanya sai an biya wani abu, gata kuma wayar ta daina shiga. Haka aka yi wa maƙwabcina.

Ta biyun ita ce ta fi mugunta, domin kaya suna zuwa. Za a miƙo maka leda da 'yan ƙananan kifaye siraran jiki, masu launin ƙasa-ƙasa ko ja-ja, wutsiya ɗaya tal. Da ka yi magana sai ya ce, "Haba Hajiya, ai yara ne, ki ba su wata shida za ki ga kan ya kumbura, wutsiyar ta rabu biyu." A nan ya gauraya gaskiya da ƙarya, kuma wannan gaurayen ne yake sa mutane su yi shiru har lokacin neman haƙƙinsu ya wuce. Gaskiya ne 'ya'yan kifin zinare suna fitowa da duhun launi, sai bayan watanni su rikiɗe zuwa ja ko fari ko ruwan lemo, wasu ma ba sa rikiɗa har abada. Gaskiya ne kuma tsokar nan da take kan oranda kamar hula ba ta fara tasowa sai ya yi wata uku zuwa huɗu, takan ɗauki har shekara biyu kafin ta cika. Amma siffar jiki ba ta jira. Kifin da zai zama oranda ko ryukin tun yana ɗan makonni ake ganin wutsiyarsa biyu ce, jikinsa gajere ne dunƙulalle. Ranchu kuwa ba shi da fiffiken baya kwata-kwata, haka ake ƙyanƙyashe shi, kuma wanda aka ƙyanƙyashe da fiffike ba zai zubar da shi ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Siririn kifi mai wutsiya ɗaya zai girma ya zama babban siririn kifi mai wutsiya ɗaya, shi ke nan.

Waɗannan siffofi aikin ƙarnoni ne. Sama da shekara 1,000 ke nan da mutanen Sin suka fara ware masu launi daga cikin wani kifin ruwan daɗi mai duhun jiki suna kiwata su a tafkunan ado, daga nan kifin ya shiga Japan, ya isa Turai a ƙarni na 17, ya kai Amurka wajen 1850. Duk irin da ka gani a yau an same shi ne ta hanyar zaɓe, zuriya bayan zuriya, kuma har gobe mai kiwo na gaskiya yakan ware mafi yawan 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe saboda ba su cika siffa ba. Waɗannan da aka ware, da na gama-gari masu arha, su ne wannan mutumi yake saye ya sayar muku da sunan na musamman. Har cewa yake yana da koi, wani kifin ado daban mai kama da kifin zinare. Gane koi ba wuya: yana da ɗan gashin baki a gefen leɓensa, kifin zinare kuwa ba shi da shi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda yake amfani da ɗabi'un kifin wajen rufe cuta. Kifin zinare yana da halaye masu ban dariya, wanda duk ya zauna da shi ya sani. Yana gane mai ba shi abinci, da ya ga inuwarka a bakin ruwa zai taho yana kaɗa wutsiya yana buɗe baki, har ya saba ya ci daga hannunka. Maganar da ake yi cewa yana manta komai cikin daƙiƙa uku ba gaskiya ba ce, yana riƙe abu na tsawon watanni. Yana ɗibar tsakuwa a baki ya tsotse ya tofar. Yana barci ido buɗe don ba shi da fatar ido, sai ka gan shi ya lafe kusa da ƙasa da dare launinsa ya ɗan dusashe. Da asuba a lokacin haihuwa maza suna bin mace suna tunkuɗa ta cikin ciyayi har ka zaci faɗa ne, bayan ta zuba ƙwan kuma su juyo su cinye idan ba ka ɗauke ba. Ryukin da oranda saboda gajartar jikinsu tafiyarsu rangwaɗa ce, ba sauri. Duk wannan lafiya ce.

To shi wannan mutum, duk alamar ciwo da ka nuna masa sai ya jefa ta cikin wannan jerin. 'Yar uwata ta tura masa bidiyon kifi yana yawo ciki a sama, ya ce wasa yake yi. Wannan ba wasa ba ne, matsalar jakar iskar da ke cikin jikinsa ce, wadda take daidaita masa tsayuwa a ruwa, kuma masu dunƙulallen jiki sun fi fama da ita. Ta nuna masa sun taru a saman ruwa suna haki ba dare ba rana, ya ce gaishe ta suke yi. Ƙarancin iska ne a ruwan, ko dattinsu ya ƙona musu wurin numfashi. Ta ga fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, ya ce alamar namiji ce. Nan ma ya ɗauko guntun gaskiya: balagaggen namiji yana fitar da ƙananan fararen ƙuraje, amma a kan marfin wurin numfashinsa da gaban fiffiken ƙirji kaɗai, a jere tsaf. Ɗigon da ya bazu a wutsiya da baya da ko'ina, kifin yana goga jikinsa da bango, ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa, kuma ita ce ta shiga kududdufinta ta kashe mata tsofaffin kifayen da ta daɗe tana lallaɓawa. Asarar kuɗin ba ta dame ta kamar wannan ba. Kifin zinare idan ya samu kulawa yana yin shekara 10 zuwa 15, an ma yi wani a Ingila da ya kai 43 kafin ya mutu a 1999. Dabbar da za ta iya girma tare da 'ya'yanka ce wani ya mayar abin zubarwa a mako guda.

Idan suka mutu, sai ya ce laifin ruwanka ne. Nan take zai tallata maka wata kwalba marar suna, wai maganin ruwa daga waje, sai ka sake biya. Bai taɓa gaya wa kowa abin da mai sayarwa na kirki yake fara faɗa ba: cewa ruwan famfo yana iya ɗauke da kulorin da ke kashe kifi, cewa sabon kududdufi yana buƙatar makonni da matatar ruwa kafin ya iya ɗaukar dattin kifi, cewa wannan kifi na ruwa mai sanyi-sanyi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24. Hunturunmu ba ya damunsa. Bazara ce abin tsoro, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, domin ruwa idan ya ɗumama iskar cikinsa raguwa take yi. Ba inuwa, ba zurfi, ba injin hura iska da zai ci gaba da aiki in an ɗauke wuta, to oranda ba zai ga damina ba. Shi kuwa cewa yake ko a roba ka ajiye su za su rayu. Kuma yana haɗa wa mutum masu saurin iyo da masu rangwaɗa da masu raunin gani a leda ɗaya, alhali a kududdufi masu saurin za su riƙa cinye abincin su bar sauran da yunwa.

Kwanan nan ya ƙaro wani salo, wai ka sayi iyaye ka kiwata, shi zai dawo ya saye duk 'ya'yan da suka haifa da tsada. Wanda ya kasa aiko maka da kifi ɗaya na gaskiya ba zai dawo sayen ɗari ba.

Ni dai shawarata, kada ku biya kuɗin kifin da ba ku gani da rai ba. Idan nesa ne, ku kira ta bidiyo kai tsaye, ku ce ya rubuta sunanku da kwanan wata a takarda ya riƙe a gaban tankin, ya kamo ainihin wanda za a aiko ya nuna shi ta sama da ta gefe. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Ku tambayi adireshin shago ku tura wani naku ya leƙa. Idan ya ce daga waje ya shigo da su, ku nemi ganin takardar izini da ta hukumar NAQS mai killace dabbobi da tsirrai da halittun ruwa da ake shigowa da su Najeriya. Ku duba ko sunan asusun banki ya yi daidai da na wanda kuke magana da shi. Nasa bai taɓa yin daidai ba, kullum na "ƙanensa" ne ko "yaron shago". Ku tambaye shi yadda zai ɗaure kayan. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma wanda ya san aikin zai ce maka yana hana kifin abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, ya sa ruwa kashi ɗaya cikin uku na ledar, sauran ya cika da iskar oksijin, ya ninka leda, ya saka a akwatin da ke tare zafi. Kuma ko daga hannun amintacce kuka saya, ku ware sabon kifi a wani mazubi daban na mako biyu zuwa huɗu kafin ya haɗu da na gida.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta hana shi magana. Ya adana rasit da hirarrakin da hoton shafin kafin a goge, ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a kan asusun da ya karɓa, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, ya kuma yi ƙarar shafin a manhajar da ya gan shi. Wanda kuma aka aiko masa da na gama-garin suka rayu, don Allah kada ya zuba su a rafi ko dam saboda takaici. A Ostareliya da Amurka waɗanda aka saki a ruwa sun girma sun hayayyafa sun zame wa kifayen wurin fitina. Ya riƙe su ya kula da su, sun ma fi masu tsadar juriya, ko ya ba wani mai kududdufi da zai iya.

Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana da sha'awar kifin ado, musamman iyaye mata da ake yi wa tallar a waya. Allah ya mayar wa waɗanda aka cuta da mafi alheri.