Kafin Ka Sayi Ƙaramin Kifin Zaki a Zariya: Wane Iri, Wane Tanki, Wace Wuta

Duk wanda ya taɓa ganin ƙaramin kifin zaki (dwarf lionfish a Turance) a cikin tankin gilashi, ya baza fukafukansa masu ratsi yana shawagi a natse, zai gane dalilin da ya sa masu kiwon kifin ado suke kwaɗayinsa. Sai dai mazaunin Zariya da ke son ajiye shi a falonsa yana da aiki a gabansa, domin wannan kifi ɗan ruwan gishiri ne daga tekun Indiya da yammacin tekun Fasifik, mu kuwa tsakaninmu da teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomitoci. Gishirin da za a haɗa masa ruwa da shi, da abincin da zai ci, da shi kansa kifin, duk daga nesa za su zo. Saboda haka ra'ayina shi ne kifin ya zama abu na ƙarshe da za a biya kuɗinsa, bayan an gama da batun wuta da ruwa da abinci, amma tun farko a san irin da ake nufi, tunda shi ne zai nuna girman tankin da za a tanada.

Iri uku aka fi samu a hannun 'yan kasuwa, dukkansu daga dangin da masana ke kira Dendrochirus, kuma yana da kyau mai saye ya riƙe sunayensu na kimiyya domin da su ake yin oda. Na farko shi ne Dendrochirus brachypterus, wanda tsawonsa yakan tsaya a wajen santimita 17, jikinsa kamar mai gashi-gashi, launinsa ruwan ƙasa ko ja, jifa-jifa kuma akan sami mai ruwan ɗorawa wanda ya fi tsada. Shi ne ya fi juriya, ya fi saurin sabawa da mutane har ya riƙa matsowa gaban gilashi idan ya ga mai ba shi abinci, kuma shi ne ya fi saurin karɓar abincin da ba mai rai ba. Na biyu shi ne Dendrochirus zebra, mai ratsin ja da fari a bayyane, wanda yakan kai santimita 20 ko ya ɗan haura, don haka yana buƙatar wuri mafi faɗi, kuma koya masa cin mataccen nama yakan ɗauki lokaci fiye da na farkon. Na uku, Dendrochirus biocellatus, shi ne mafi ƙanƙanta, wajen santimita 13, yana da ɗigo biyu masu kama da idanu a fukafukin bayansa da wasu zaruruwa biyu a gefen bakinsa. Ba a musun kyawunsa, amma kifi ne mai kunya da ke wuni a ɓoye sai dare ya fito, kuma shi ne ya fi kowanne taurin kai wajen abinci. A garin da ba a samun jatan lande mai rai a kasuwa, sayen wannan iri kusan yanke masa hukuncin mutuwa da yunwa ne, don haka ba na ba kowa shawarar fara kiwo da shi. Zaɓina ga mutumin Zariya shi ne na farkon, guda ɗaya tak, domin maza biyu a tanki ɗaya faɗa suke yi.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kiyaye. Ɗan ƙaramin Pterois volitans, wato babban kifin zaki, yana shigowa kasuwa da girman ɗan yatsa, sai wanda bai sani ba ya ɗauka ƙaramin iri ne, alhali yana iya kai santimita 38, kuma girmansa na da sauri. Shi ne irin da ya addabi gaɓar Amurka da tsibiran Karibiyan tun bayan da aka fara ganinsa a ruwan Fulorida a shekarar 1985. Hanyar bambancewa tana ga fukafukan gefe: na Dendrochirus a haɗe suke da fata kusan har baki, kamar mafici, na Pterois kuwa dogayen tsinkaye ne da suka rarrabu.

Game da tanki, littattafan kiwo sukan ce lita 115 ta wadatar ga brachypterus guda, kuma gaskiya ne a inda wuta ba ta ɗaukewa, ɗaki kuma yake da yanayi ɗaya dare da rana. A nan ina ganin kada a yi ƙasa da lita 150, kuma wanda ke da hali ya nemi mai lita 200. Dalili shi ne ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi ko sanyi, gishirinsa ba ya saurin hawa, ƙazantar kifin kuma tana narkewa a cikinsa, wannan kifi kuwa mai cin nama ne da ke fitar da ƙazanta da yawa. Tanki mai tsawo da faɗi ya fi mai zurfi, saboda ta saman ruwa iska ke shiga. Ana iya sa mai aikin gilashi ya haɗa tanki a nan gida, wanda ya fi araha kuma ya kawar da fargabar fashewa a hanya, da sharaɗin gilashin ya yi kauri kuma a yi amfani da silikon na tankin kifi, ba irin na banɗaki mai maganin fumfuna ba, domin wannan guba ne ga kifi. A tuna cewa lita 150 na ruwa tare da duwatsu da gilashi sun doshi kilo 200, saboda haka teburin da zai ɗauka sai an ƙera shi musamman. Cikin tankin kuma a jera duwatsu masu kogo da rumfa, domin al'adar kifin ce ya maƙale a ƙarƙashin dutse, wani lokaci kansa a ƙasa, ya yi shiru har mai gida ya ɗauka ba shi da lafiya.

Ruwa shi ne inda masu sabon shiga suka fi yin asara. Gishirin girki na kasuwar Sabon Gari ba zai yi ba, domin ruwan teku ya ƙunshi kalsiyam da magnisiyam da wasu sinadarai da dama waɗanda babu su a cikinsa. Sai an sayi gishirin da aka haɗa musamman don tankin teku, irin su Instant Ocean ko Red Sea. Ana zuba wajen giram 35 a kowace lita, wato cika tanki mai lita 150 zai ci fiye da kilo 5, sannan canza kashi goma cikin ɗari na ruwan kowane mako zai ci kilo 2 da ɗan ɗoriya a wata. Wannan lissafi ne da ya kamata a yi kafin a fara, tunda farashin gishirin yana bin dala, kuma ba abu ne da za a aiki yaro ya sayo a PZ ba. Ruwan da za a haɗa shi ma akwai zaɓi. Na famfo yana iya ɗauke da kulorin, na rijiyar burtsatse kuma ya danganta da unguwa, wani yana da ƙarfe, wani yana da naitiret daga masai ko takin gona. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ƙaramar matatar ruwa ta RO a gida, wadda ke tace irin waɗannan sinadarai daga ruwa. Wajen auna gishiri, kwalbar roba mai allura ta fi araha amma kumfa ɗaya da ta maƙale wa allurar tana ɓata awon, don haka na fi son rifraktomita, wadda ake ɗiga mata ruwa a leƙa. Awon gishirin da ake nema na'urar ta nuna shi ne tsakanin 1.020 da 1.025, ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, kuma tsakanin 8.1 da 8.4. Lokacin hunturu iska takan bushe ƙwarai, ruwan tanki ya riƙa ƙafewa kullum, kuma da yake ruwa kaɗai ke tashi gishiri ya zauna, da tataccen ruwa marar gishiri ake cike gibin.

Bayan an cika tanki ba a sa kifi nan take. Sai an bar shi yana aiki na mako 4 zuwa 6 domin bakteriya masu amfani su zauna a duwatsu da matata, su ne ke juya amoniya, gubar da ke fitowa daga ƙazantar kifi, zuwa naitirait mai guba shi ma, sannan zuwa naitiret mai ƙarancin illa. Sai kayan gwaji sun nuna amoniya da naitirait sun koma sifili kafin a yi maganar oda.

Yanzu ga batun da ya fi kowanne nauyi a wurinmu, wato wuta da yanayi. Kifin yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27. A watannin Maris da Afrilu zafin Zariya yakan haura digiri 35, ɗaki mai rufin kwano ya ɗauki zafi har dare, a Disamba da Janairu kuma sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15. Ke nan tanki ɗaya yana buƙatar hita a wani lokaci na shekara, da hanyar sanyayawa a wani. Hita ba ta da tsada. Sanyayawa ce ke da zaɓi uku: na'urar sanyaya ruwa ta musamman, wadda ta fi inganci amma tana da tsada da cin wuta, na'urar sanyaya ɗaki, wadda ba ta da amfani idan ba za ta yi aiki da rana tsaka ba, ko ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa. A busasshiyar iskar bazara fanka tana rage zafin ruwa da digiri biyu ko uku, ba ta cin wuta, illarta kawai ƙarin ƙafewar ruwa. Ga yawancin gidaje ita ce mafita, matuƙar an ajiye tankin a ɗaki mafi sanyi, nesa da tagar da rana ke bugawa. Amma abin da ke kashe kifi da sauri ba zafi ba ne shi kaɗai, tsayawar famfo ce. Ruwan gishiri ba ya riƙe iska kamar ruwan daɗi, ruwa mai ɗumi kuma ya fi ƙarancinta, saboda haka idan aka ɗauke wuta da tsakar ranar bazara, sa'o'i kaɗan sun isa a tarar da kifi yana haki, bakteriyar matata ma ta fara mutuwa. Janareta yana buƙatar wanda zai tayar da shi, kuma ba kullum ake gida ba. Inbata da batir, musamman idan an haɗa da sola, su ne suka dace, domin famfunan tanki irin wannan ba su da cin wuta sosai, kuma suna komawa kan batir da kansu. Ko da an yi wannan, a ajiye ƙaramin famfon iska mai batir a kusa. Wanda bai da halin tanadar wutar da ba ta yankewa, ina roƙonsa da ya haƙura da kifin teku tukuna.

Abinci kuma yana bin firiza, firiza tana bin wuta. A teku kifin yana farautar ƙananan kifaye da jatan lande da magariba: yakan matso a hankali, ya baza fukafukansa ya tare hanya, sannan ya zuƙe abin farautar cikin ƙiftawar ido. A gida ana koya masa cin daskararren jatan lande da yankakken naman kifin teku, ta hanyar soke yanka ɗaya a bakin siririn tsinken roba marar launi, a riƙa kaɗa shi a gaban kogonsa har ya ɗauka mai rai ne. Aiki ne na haƙuri da kan ɗauki makonni. Sau 2 ko 3 a mako ya ishe shi. Ciyar da shi da ƙananan kifayen ruwan daɗi kullum, musamman irin gwalfish, kifin adon nan mai launin zinariya, yana cutar da shi, domin suna ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1, kitsensu kuma bai dace da cikinsa ba. Busasshen jatan lande na miya ma ba abincinsa ba ne. Duk kifin da zai shiga bakinsa abinci ne a wurinsa, kuma bakin ya fi yadda ake zato faɗi, don haka abokin zamansa sai wanda ya kai shi girma kuma ba mai cizon fukafukai ba. Murjani mai rai na teku da ake sa wa tanki kuwa, kifin ba ya taɓa shi.

Dole a yi maganar dafi, musamman a gidan da ke da yara. Ƙayoyi 13 da ke bayansa, da wasu a ƙasan cikinsa, duk suna da dafi. Ba ya kai hari, amma hannun da ke gyara dutse yana iya faɗawa kansa, kuma zafin sukar mai tsanani ne. Taimakon farko shi ne a tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, kada ya wuce digiri 45, na tsawon minti 30 zuwa 90, sannan a tafi asibiti a duba ko ƙaya ta karye a ciki. Idan numfashi ya fara wuya ko jiki ya kumbura, a garzaya nan take, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Tanki ya kasance da murfi, kuma a kama kifin da mazubin roba maimakon koma, wadda ƙayoyinsa ke sarƙewa a ciki.

Idan aka zo sayen kifin, mafi yawa ta Legas zai biyo. Motar haya tana cin yini guda ko fiye a cikin zafi, don haka jirgin sama zuwa Kaduna ko Kano, da wanda zai tarbi kayan ya wuce da su Zariya kai tsaye, shi ne ya fi, kifin yana cikin leda biyu ko uku masu iskar oksijin a akwatin da ke riƙe sanyi. Kafin a biya kuɗi, a nemi mai sayarwa ya turo bidiyo ta WhatsApp na wannan kifin da kansa yana cin mataccen nama, a duba idanunsa ba su yi hazo ba, cikinsa bai lotsa ba, numfashinsa kuma a natse yake. Kifin da ya riga ya yi makonni a tankin mai sayarwa yana ci ya fi wanda ya sauka jiya, ko da ya fi shi tsada. Idan ya iso, a kashe fitila, a riƙa ɗiga ruwan tanki cikin nasa a hankali kafin a sake shi. A yi hattara da magungunan kifi masu sinadarin tagulla, domin kifin zaki ba ya jure su sosai. Idan ya sami kulawa yana iya rayuwa shekara 10.

Wanda ya yi lissafin nan ya ga bai shirya ba, akwai kifin ruwan daɗi ɗan ƙasarmu mai suna Pantodon buchholzi, wanda ake samu a kogunan kudancin Najeriya har ana fitar da shi Turai. Yana da manyan fukafukai a baje, yana farautar ƙwari a saman ruwa, ba ya buƙatar gishiri, kuma ba shi da dafi. Murfi mai kyau kawai yake nema saboda tsalle, da ruwa mai tsabta marar ƙarfin gudu, kuma kuɗin da za a kashe a kansa bai kai ko kusa da na tankin teku ba.