Hattara da masu sayar da "maganin buɗe ƙwaƙwalwar jariri"

Iyaye, a kula. Ana tallar wani ruwan magani da gari a WhatsApp da TikTok, wai yana buɗe ƙwaƙwalwar jariri, ya sa shi saurin tafiya da magana, ya kuma kaifafa masa hadda tun yana goye. Damfara ce tsagwaronta.

Da farko za su tambayi watannin yaron, su ce ya makara, ko da lafiyarsa ƙalau. Sai su tsorata uwa da zancen muhimmancin kwana 1,000 na farkon rayuwa, wato daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, wanda gaskiya ne, amma sun juya shi ya zama jarin kasuwa. Daga nan a sayar mata kwalaben wata uku, kuɗi a gaba. Dabarar tana cikin wata ukun nan. Jariri kan zauna da kansa tsakanin wata 6 da 9, ya taka tsakanin wata 9 da 18, ya furta kalmar farko wajen shekara ɗaya. Ƙwaƙwalwarsa, da ake haihuwarta kusan rubu'in girman ta babban mutum, tana kai kusan kashi 80 cikin ɗari a shekara uku, da magani ko babu. Yaro ya yi abin da lokacinsa ya kawo, mai kwalba ya kwashi yabo.

Da a nan abin ya tsaya, da kuɗi kawai aka yi asara. Kwalbar ba lambar rajista, ba jerin abin da ke ciki. Idan an zuba deksametason, wani maganin asibiti mai ƙarfi na rage kumburi, kumatu za su cika a ɗauka ƙiba ce, alhali garkuwar jiki na raguwa, tsawo na tsayawa. Idan da zuma a ciki, shan ta kafin wata 12 na iya jawo gubar da ke shanye jikin jariri har numfashi ya gagara. Gari mai dalma kuwa, ƙwaƙwalwar ce ma yake lalatawa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Kafin wata shida, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla.

Yaron da ya kai wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai taka ba, ko ba ya waiwayen sauti, ko ya daina abin da ya riga ya iya, asibiti za a kai shi. A can za a gwada jinsa, a auna jininsa, a duba ƙarancin sinadarin ƙarfe (ayon) ko sinadarin aidin a jikinsa, tun ana iya yin wani abu a kai.