Kalkuletar ɗan sakandare: fx-82MS ko fx-991ES Plus?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka tambayi wace kalkuleta za ka saya wa yaronka ɗan sakandare, fx-82MS ko fx-991ES Plus. Ɗauki fx-991ES Plus, tunda ka ce babin rut, wato alamar √, shi ne ke ba yaron wuya.

Dukansu na Casio ne kuma lissafinsu daidai ne. Inda suka rabu shi ne yadda kowace ke nuna amsa. Ka danna √50 + √18 a fx-82MS, za ta ba ka 11.3137085. Ka danna shi a fx-991ES Plus, sai ka ga 8√2, kuma irin wannan amsar ce ake so idan tambaya ta ce a bar ta da alamar √.

Dalili kuwa, lambobi iri biyu ne. Akwai rashinal, waɗanda za a iya rubuta su lamba bisa lamba, kamar 3/4 ko 22/7. In ka raba su, ko dai su tsaya kamar 0.75, ko su yi ta maimaita kansu: a 22/7, 142857 ne ke ta dawowa bayan ɗigo. Akwai kuma irrashinal, irin su √2 da √3 da π, waɗanda ba sa tsayawa, ba sa maimaitawa, kuma babu lamba bisa lamba da za ta kama su cif. To allon kalkuleta lambobi goma yake nunawa. Yaro ya ga 22/7 ya ba shi 3.142857143, π ya ba shi 3.141592654, sai ya ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Wannan ruɗanin nake gudar wa yara, don mai tunanin √2 shi ne 1.414 kawai ba zai gane abin da ya sa √2 × √8 ya zama 4 cif ba.

Ita fx-991ES Plus ɗin ce a hannun 'yata, kuma na ga amfaninta da idona. Da farko ba ta yarda cewa √12 + √27 na iya haɗuwa ba, a ganinta 12 da 27 ba su da alaƙa. Ta danna √12 ta ga 2√3, ta danna √27 ta ga 3√3, sai ta ɗago kai ta ce, “Ashe Baba tamkar ƙirga awaki ne, biyu da uku biyar.” Daga ranar take fara yi da biro, sannan ta duba da kalkuleta. Idan ta danna 1 ÷ √2, kalkuletar tana ba ta √2/2, wato ta kawar da √ daga ƙasa kamar yadda malamai ke buƙata. In kuma amsa mai ɗigo ake so, maɓallin S⇔D kawai za ta taɓa. Kalkuletar tana aiki da hasken rana da ƙaramin batir.

Ita kuwa fx-82MS ina da ita, ta fi araha, tana da ƙarko, tana yin lamba bisa lamba da maɓallin a b/c. Iyakar abin da zan ce a kanta ke nan.

Sai dai ka faɗa wa yaron, kalkuleta amsa take bayarwa, ba ta nuna hanya, kuma a ɓangaren rubutu na WAEC da NECO matakan aiki ma suna da maki. A JAMB kuwa ba a shiga da kalkuleta, ta kan allon kwamfuta ake amfani da ita. Ka kuma tambayi malaminsu irin wadda za a bar su su shiga ɗakin jarrabawa da ita.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan jabu, don sun cika kasuwa, kuma samfurin fx-991ES Plus ɗin suna yawan kwaikwayonsa. Wani zai rantse maka orijinal ce alhali farashin da ya yanka ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna. Ta jabu ba ta da nauyi a hannu, maɓallanta na kwaramniya, wata ma gilashin hasken ranar ado ne kawai. Kada ka biya sai an buɗe kwalin a gabanka. Danna √50 + √18 da 1 ÷ √2, ka karkata allon ka ga ko rubutun na dushewa, sannan ka karɓi rasit da sharaɗin za ka iya mayarwa.