DJI Osmo Action 4 a haɓar hular kwano

Babur ba ya raga wa kyamara. Inji na kaɗa ta, iska na dukanta, ƙura da ƙwari na manne mata a ido, mai ita kuma ba shi da hannun lallaɓa ta, don hannayensa biyu suna bakin aiki. Shi ya sa idan mahayi ya tambaye ni wadda zai saya, ba na fara duba lambobin da aka zana a jikin kwali, su 4K da 5.3K da 8K masu nuna kaifin hoto. Tambayarsa nake yi inda zai ɗaura ta, da kuma tsawon lokacin da yake yi a kan hanya kafin ya sauka. Ni dai wadda na tsaya a kanta ita ce DJI Osmo Action 4, wadda ta fito a 2023, kuma a haɓar hular kwano nake maƙala ta. Na taɓa riƙe GoPro HERO12 Black, na kuma ari Insta360 X4 a wurin abokin tafiyata na gwada, don haka za su riƙa shigowa cikin maganar.

Waya dai a bar ta a aljihu. Tun a 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗin cewa girgizar manyan injinan babur na iya lalata kyamarar iPhone. Dalili shi ne a cikin kyamarar waya akwai ɗan gilashin da ke motsi don ya shanye rawar hannu, karkarwar inji kuwa gajiyar da shi take yi. Ƙananan kyamarori irin su Action 4 da GoPro ba su da wannan lagon. Lissafi suke yi: wata 'yar na'ura a ciki tana auna kowane motsi, sai kyamarar ta datse gefen hoton ta daidaita tsakiyarsa. DJI na kiran nata tsarin RockSteady, GoPro na kiran nata HyperSmooth, wanda ta fara kawowa a HERO7 Black a 2018. Da rana tsaka, a kan kwalta mai kyau, in aka ɗora maka bidiyon biyun gefe da gefe, da wuya ka ce ga na wane. Wanda ya ce maka ɗaya ta yi wa ɗaya fintinkau a nan, son kayansa ne ke magana.

Wurin ɗaurawa shi ne rabin aikin. A sitiyarin babur kowa ke fara sawa, kuma nan ne wuri mafi muni, musamman a babur mai silinda ɗaya. Kyamara ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya lokaci guda, layi-layi take karanta shi daga sama zuwa ƙasa, to idan ƙarfen da take kai yana karkarwa da sauri sai ka ga turakun lantarki da gine-gine suna kaɗawa kamar ruwa a faranti. Babu lissafin da ke gyara wannan sarai. A tsakiyar kan hula kuwa iska ce ke kama ta, da ka ƙara wuta sai ka ji ana jan kanka baya, kafin yamma wuya ya ƙage. Hoton ma daga can sama yake zuwa, gudun ba ya fitowa. A gefen hula nauyi yana rinjayar ɓangare ɗaya, hular kuma ta cinye kusurwar hoton. Ƙirji ba laifi ga wanda ke zama a miƙe, amma a babur ɗin da ake kwantawa a kansa tanki kawai za ka kwaso.

Haɓa ta fi su duka. Jikin mutum da wuyansa sun riga sun shanye girgizar kafin ta iso, kuma abin da idonka ya gani shi kyamarar ke gani: mita, hannaye a kan totur da birki, madubai biyu, hanya tana tahowa. In ka waiga ka kalli kogi a gefen gada, ita ma ta waiga. A nan ne nauyi ke da magana. Action 4 giram 145 ce, HERO12 giram 154, X4 kuwa 203, ga ta doguwa. Tazarar ba ta da yawa a takarda, amma abin da aka rataya a gaban haɓa wuya ne ke biyan kuɗinsa.

Abin da ya fi saye zuciyata ba hoton ba ne, maƙalin ne. A ƙasan Action 4 akwai maganaɗisu, a jikin mazauninta kuma akwai 'yan haƙora biyu. Da ka kawo ta kusa sai ta fizgi kanta ta zauna, ka danna ka ji ƙas, shi ke nan. Cirewa kuma ka matse kunnuwa biyu na gefe da babban yatsa da manuni, ta faɗo tafin hannunka. Ina yin haka da safar hannu mai kauri, hula tana kaina, ba tare da na ga abin da nake yi ba. A tsaya shan mai, in cire ta in ɗauki abokan tafiya, in mayar kafin a gama zuba wa na bayana. HERO12 na amfani da tsohon tsarin GoPro na 'yan yatsu biyu da dogon noti da ake murɗawa. Yana da ƙarfi, babu musu, amma sai ka tuɓe safa, kuma duk lokacin da ka kwance shi sai ka sake neman saitin da ka bari. GoPro ta kawo nata maƙalin maganaɗisun a HERO13 Black a 2024. Sai dai a kula, maganaɗisu jagora ne kawai, haƙoran ne ke riƙewa. In ba ka ji ƙarar ɓangarorin biyu ba, ba ta zauna ba. Ni har da 'yar igiya nake ɗaure ta a jikin hula, don kwalta ba ta mayar da abin da aka ba ta lafiya.

Mazaunin da ake mannawa a hula yana son haƙuri. A goge wurin tas, a ɗan ɗumama gam ɗin, a danna da ƙarfi, a bar shi awa 24 kafin a ɗora masa nauyi. Kada a huda hula ko kusa. Akwai kuma ƙasashen da dokarsu ke da magana a kan maƙala wa hular kwano wani abu, don haka kowa ya binciki ta inda yake hawa.

Akwai wani saiti da ake ta yabo, HorizonSteady, mai riƙe hoto a miƙe ko da kyamarar ta juya gaba ɗaya. A Action 4 iyakarsa 2.7K. Ni a kashe nake barinsa. Daɗin bidiyon babur ai shi ne kwanciyar da ake yi a kwana, sama ta karkace, gefen titi ya taso. In ka miƙar da wannan, ka mayar da babur motar bas. RockSteady kawai ya ishe ni, a 4K, hoto 30 a daƙiƙa in tafiya ce ta nishaɗi, 60 in ina so in rage gudun wani wuri daga baya. Tana iya kai wa 120, amma wannan cin batir da katin ajiya ne kawai ga mai doguwar hanya. Faɗin ganinta ya kai digiri 155, wanda ke sa gefen titi ya riƙa wucewa fiu, gudun ya fito. A nan zan ba GoPro haƙƙinta: HERO12 na ɗaukar 5.3K a fasali mai kusan murabba'i, 8:7, wanda za ka yanka a kwance don YouTube, ka kuma yanka a tsaye don TikTok daga ɗauka ɗaya. Mai wannan sana'ar ya dube ta da kyau. Action 4 na da 4:3, yana taimakawa, amma bai kai wancan sakewa ba.

Inda DJI ta ja zarenta shi ne idan haske ya fara janyewa. Farantin da ke karɓar haske a cikinta ya fi girma, inci 1/1.3, na HERO12 kuwa 1/1.9. Da almuru, ko a hanyar da bishiyoyi suka yi wa rumfa, ko a shiga ƙarƙashin gada a fito, nata hoton ya fi tsabta, duhun bai cika yin yashi-yashi ba. Amma kada wannan ya ruɗi kowa. Da dare sosai duk irin waɗannan kyamarorin suna shan wahala, fitilun motoci su riƙa jan wutsiya, hoto ya riƙa ɗan zabura a kowane rami. Wanda ke son kyamara don ta zame masa shaida in wani ya buge shi ya gudu, ya sani da rana za ta iya kama lambar mota in tana kusa, da dare kuwa sai sa'a. Tana da tsarin ɗauka mai zagayawa, sabo ya riƙa goge tsoho, wanda ya dace da wannan buƙatar.

Sauti ne ke kashe yawancin bidiyon babur, kuma ba a rubuta wannan a kwali. Makirufon da ke jikin kowace kyamara, da ka fita daga cunkoso ka saki totur, abin da zai kwaso shi ne buuu na iska, babu muryarka babu kukan inji. Saitin rage iska yana ɗan taimakawa, amma yana shaƙe sautin. Maganin shi ne makirufo ya bar waje. Nawa ƙarami ne, da 'yar hularsa mai gashi, ina cusa shi tsakanin soson kumatu da jikin hula, ɗan nesa da baki don kada numfashi ya riƙa bugunsa, in rufe gilashin hula da ƙofar iskar haɓa. A haka ana jin maganata sarai, injin yana gurnani a ƙasa-ƙasa. Ranar da ba na son surutu kuwa, sai in sa makirufon DJI Mic 2 a aljihun jakar baya, inda jikina ya tare iska, ba can kusa da salansa ba don zafi. Yana haɗuwa da Action 4 kai tsaye ta Bluetooth, babu igiya. Abin da yake kwasowa a nan, sauyin giya da tarin da inji ke yi idan an saki wuta, ya fi duk wani kiɗa da za a ɗora. HERO12 ita ma tana karɓar murya ta Bluetooth daga abin kunne. Mai son makirufo na igiya kuma ya san sai ya bar ƙofar caji a buɗe, kuma da zarar ƙofar ta buɗe, alƙawarin Action 4 na jure ruwa har zurfin mita 18 ya tashi. Haka ma in kana ba ta wuta daga batirin aljihu. Hadari na haɗuwa, ka tsaya ka rufe.

Batirin Action 4 1770mAh ne, kamfanin ya ce minti 160. Gaskiya ne, amma a 1080p, wanda bai kai 4K kaifi ba, aka auna, allo a kashe. A 4K sai ka zaftare kaso mai tsoka. Abin da ya cece ta shi ne saurin caji, kashi 80 cikin 100 a minti 18 da caja mai ƙarfi, wato kafin a gama hutawa ta farfaɗo. Duk da haka batir na biyu dole ne. Zafi bai cika damun kyamara a kan babur ba tunda iska na fifita ta. Inda irinsu ke ɗaukar zafi shi ne a tsaya cikin rana a manta tana ɗauka.

Kati kuma a yi lissafi. A saiti mafi nauyi tana rubuta megabit 130 a daƙiƙa, kusan gigabayit ɗaya ke nan kowane minti, don haka katin 128GB bai wuce awa biyu da 'yan mintoci ba. A nemi mai alamar V30, wadda ke nuna saurin rubutu, a wurin da aka amince da shi. Katin jabu ba ya nuna halinsa sai an dawo gida an tarar da fayil ba ya buɗewa.

Tana da nata naƙasun. Babu GPS a cikinta, in kana son gudunka da taswirar hanya su fito a bidiyo sai ka sayi rimot ɗinta daban. HERO12 ma ba ta da shi, a HERO13 aka dawo da shi. Sai an yi mata rajista ta manhajar DJI Mimo kafin a ci moriyarta, masu Android kuma daga shafin kamfanin suke saukewa. Umarnin baki Turanci da Sinanci kawai take ji, a cikin iska ma ba zancensa ake ba. Allon taɓawa da safar hannu ba sa shiri, don haka a gama saiti tun kafin a tayar da inji. Sa'ar ita ce maɓallin sama, danna ɗaya yana kunna ta ya fara ɗauka ko tana kashe. Tunda ba na ganin haɓata, madubin babur nake leƙawa in ga ko allon gaba yana ƙirga daƙiƙoƙi.

X4 wata duniya ce daban. Ido biyu gare ta, tana kwashe ko'ina lokaci guda, sai ka dawo ka zaɓi inda za a kalla. In ka kafa ta a kan sanda a bayan babur, sandar ɓacewa take yi, ka ga kanka kamar wani na bin ka da jirgi mara matuƙi. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma 8K ɗin nan an raba shi ne ga duk kewayen, yankin da za ka fitar bai kai kaifin 4K na kyamara mai ido ɗaya ba. Idanun kuma a bulluƙe suke, tsakuwar da tayar gaba ta watso ba ta da wurin sauka sai su, shi ya sa ake sa musu murfi, X5 ta 2025 kuma aka yi ta da idanun da ake sauyawa. A Action 4 gilashin gaba murɗewa ake a sa sabo. Sannan kowane bidiyon 360 sai an zauna an tace shi kafin ya kallu. Wanda ba ya jin daɗin zama gaban kwamfuta, katinsa zai cika da tafiye-tafiyen da babu wanda zai taɓa gani. A matsayin kyamara ta biyu ina son ta, ta farko a'a.

Osmo Action 5 Pro ta fito a 2024 da batir 1950mAh da aka ce yana kai awa 4, da ma'ajiyar 47GB a cikinta, mai ceton wanda ya baro kati a gida. Mai Action 4 a hannu, ban ga abin da zai sa ya sauya ba. Mai sayen farko da ke wuni a kan hanya kuwa, batirin kaɗai ya isa ya sa ya ɗauki Action 5 Pro.