Da kuɗina a hannu kemis ya hana ni magani

Yaya, na san labarin ciwon nan ya iso muku a gutsuttsure, to ga shi daga bakina. Sunansa polymyalgia rheumatica, likitocin nan PMR suke cewa. Da a gida ne sanyin ƙashi za a kira shi, a miƙo man zafi. Kafaɗu da wuya da ƙugu ne suke sandarewa, musamman da asuba. Sai da ta kai ba na iya ɗaga hannu in ɗaura ɗankwali, salla kuwa a kan kujera, jiki ba ya saki sai hantsi. Likita ya ce ciwon waɗanda suka haura shekara 50 ne, ya fi kama mata, kuma ya fi yawa a cikin Turawan arewacin Turai. Na ce to, zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Suka ɗebi jini suka auna ESR da CRP, masu nuna kumburi a jiki, aka ɗora ni kan prednisolone, miligiram 15 kullum da safe. Kafin mako ya zagayo goshina ya koma ƙasa. Wannan kam na yaba musu.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wata Asabar a kemis ɗin unguwarmu a nan Manchesta. Takardar sabunta magani ta maƙale a asibitin unguwa, su kuma Asabar da Lahadi a kulle suke, ƙwayar da ta rage na sha da safe. Na tafi da kwalin, na ciro kuɗi. Yarinyar da ke wurin, wadda ba ta kai autata ba, ta karanta kwalin ta kira sunana gatsal, ba Hajiya ba Mama, ta ce babu takardar likita babu magani. Na ce zan biya ninki. Ta yi murmushin nan nasu na fatar baki ta sake cewa a'a. Ga layi a bayana, kowa ya yi tsit yana saurare. Wallahi Yaya, da furfurata, sai da ƙwalla ta cika min ido.

Ta ce in kira 111, lambar hukumar lafiya ta NHS. Bayan tambayoyi har da na ranar haihuwa, suka turo wa kemis ɗin saƙo. Babban ma'aikacin kemis ɗin ya shigar da ni wani ɗan ɗaki, ya duba shuɗin katin da ake ba masu shan irin wannan magani, ya ba ni na 'yan kwanaki. Ko sisi ban biya ba, don wanda ya kai 60 kyauta ne, waɗanda ba a yafe musu ba a Ingila fam 9.90 suke biya kan kowane magani. Shi ya fahimtar da ni cewa jiki na da nasa irin sinadarin, daga wasu 'yan halittu a saman ƙoda. In an daɗe ana shan ƙwayar sai su daina aiki, in aka yanke ta rana ɗaya mutum na iya faɗuwa, har a rasa shi. Shi ya sa ake rage ta a hankali, in an sauko 10 sai a riƙa cire miligiram ɗaya bayan wata ɗaya ko biyu, a kwashe shekara ɗaya zuwa biyu, wani ma fiye.

Yana magana ina tuna kemis ɗin bakin titinmu, inda yaro zai zo da canji a ƙulla masa haɗi a leda, babu mai tambayar na waye. 'Yar uwar wannan ƙwaya ce, dexamethasone, 'yan matanmu ke afawa da sunan sha-ka-fashe in biki ya matso. Fuska ta kumbura a ce ta murje. Ni da nake sha bisa dole, ana bin sukarina da hawan jinina, an ɗauki hoton ƙarfin ƙashina, an haɗa min da kalsiyam da bitamin D, da wata ƙwaya ta mako-mako da ake sha kafin a karya, da kofin ruwa cike, kuma ba a kwanciya sai an yi rabin awa. Mu kuwa muna ba 'ya'yanmu don kwalliya.

Kada ki ɗauka nan ɗin daɗi ne zalla. Ganin likita sai kin riƙe waya ƙarfe takwas daidai, na'ura na gaya miki lambarki a layi, in kin samu kuma minti goma ne, ciwo ɗaya tak. Dubiya babu. Yaron nan da matarsa sun fita aiki tun duhu, maƙwabciyata ba ta ma san na kwanta ba. A gida da tsakar gida ta cika da masu sannu da kwanon kunu, da wani ya ɗaura min ɗankwalin.

Don Allah ki karɓe ledar haɗin nan da Gwaggo ke sha don ciwon jiki ki kai wa likita ya ga abin da ke ciki, kada dai ta daina sha kwatsam. A auna mata ESR. In kuma ta fara ciwon kai a gefen goshi, ko muƙamuƙi na mata ciwo in tana tauna, ko gani ya dusashe, a kai ta asibiti a ranar, don wannan ciwon yana da abokin tafiya da ke kumbura jijiyoyin jini na kai, yana makantarwa.