Rana ko Fitila: Wanne Zai Gyara Ƙashin Kunkurunka?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce ɗan kunkurun da kake ajiyewa a falo ƙoƙon bayansa ya yi laushi, yana jan ƙafafun baya. Wani ya ce ka sayi fitilar UVB, wato mai ba da wani haske irin na rana da ido ba ya gani, wani ya ce rana ta isa. Wallahi na tausaya masa, domin ciwon nan a hankali yake cin dabba, ita kuma ba bakin kuka.

Ga tushen abin. Hasken UVB ne ke sa fatar kunkuru, ko hawainiya, ko damo, ta ƙera bitamin D3. Idan babu D3, hanji ba ya iya tsotsar kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, daga abinci, sai jiki ya koma yana kwasowa daga ƙashi. Shi ya sa ƙoƙo da muƙamuƙi ke laushi, ƙafafu su lanƙwashe, wani lokaci har da karkarwa.

Fitila ta fi amfani ga mutanen ƙasashe irin su Ingila da Jamus, inda hunturu ke ɓoye rana watanni. Tana aiki, amma da sharuɗɗa. Sai ta yi awa 10 zuwa 12 a kunne kullum, kai ma ka san yadda wuta take a Zariya. Ƙarfin UVB ɗinta yana raguwa cikin wata 6 zuwa 12 ko da tana haske, dole a sauya ta. Kuma ƙwan lantarkin gida ba ya ba da wannan haske, komai ƙyallinsa.

Rana kuwa kyauta ce, kuma babu fitilar da ta kamo ƙafarta. Kunkurun da aka fi ajiyewa a gidajenmu ɗan Sahel ne, a cikinta aka halicce shi. Sai dai gilashin taga yana tare UVB, don haka ranar da ke shigowa falonka ɗumi kawai take ba shi. Ka fitar da shi tsakar gida da hantsi, a kan ƙasa, inda akwai inuwar da zai shiga da kansa da ruwa a faranti marar zurfi. Don Allah kada ka shanya shi a cikin roba ko kwano. A zafin Maris da Afrilu, ɗan lokaci kaɗan ya isa ya kashe shi. Tunda ƙarami ne, a rufa masa ragar waya saboda shaho da hankaka, da daren sanyi kuma a shigo da shi.

Ni dai a nan garin rana na zaɓa. Fitila sai ga wanda ke bene ba shi da tsakar gida.

Amma duka biyun ba za su yi komai ba idan latas da tumatir ne abincinsa. Ana son kalsiyam da ke cikin abincinsa ya ninka fosfaras, wani sinadarin abinci, sau 2. Ka ba shi ciyawa da ganyen zogale da rama, ka rage alayyafo, ka dafa ɓawon ƙwai ka daka shi lukui ka riƙa barbaɗawa. Kada ka ɗura masa bitamin D na mutane, yawansa guba ne.

Tunda har ya fara jan ƙafa, kada ka tsaya nan. Ka kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru cikin makon nan, a duba ko akwai karaya. Ka shimfiɗa masa tsumma a kwali, kuma a daina matsa ƙoƙon don gwaji.