Iyaye a Abuja ku kula da masu tallan "yawon ganin namun daji da ziyarar marayu"

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda ya karanta wannan ya tura wa 'yan uwa, musamman guruf-guruf na iyayen yara da na matan unguwa, domin a can mutanen nan suke farauta. Akwai wasu da suke kiran kansu kamfanin shirya tafiye-tafiye, suna talla a Instagram da WhatsApp cewa za su kai ka da iyalinka Kenya da Ruwanda lokacin dogon hutu, ku ga zaki da giwa da raƙumin dawa, sannan ku yi 'yan kwanaki a gidan marayu yaranku su koyi tausayi, wai hutu da lada a tafiya ɗaya. Wallahi damfara ce. Matar yayana da wata maƙwabciyarta a Gwarimpa suna cikin waɗanda aka cuta, kuɗin da suka daɗe suna tarawa ne, kuma na ga takardun da idona.

Matar da ke magana da mutane bakinta kamar zuma, komai Hajiya ta, komai in sha Allah, ta turo miki bidiyon yara bakin wani gini suna waƙa suna tafi, ta biyo da hadisin nan na wanda ya riƙi maraya zai kasance tare da Annabi (SAW) a Aljanna. Hadisin gaskiya ne, amma ita da shi take rufe bakin mutum, domin da zarar kin ce a nuna miki takardar rajista sai ta ce haba Hajiya aikin Allah ne fa, kuma gurbi biyu ya rage, wani Alhaji daga Maitama yana jira. Sai a ce ki tura rabin kuɗi yau, kuma akawun ɗin da za a ba ki na wani mutum ne can daban, ba sunan kamfani ba. Bayan haka sai kuɗin biza, sai kuɗin "gudummawar marayu" kan kowane mutum har da jaririn da ke goye.

To ku duba ƙaryar da ke cikin takardar tasu. Na farko biza. Tun Janairun 2024 Kenya ta bar biza irin ta da, ta koma izinin shiga da mutum ke cikewa da kansa a shafin gwamnati, a 2025 kuma ta ɗage ma wannan ɗin ga mafi yawan ƙasashen Afirka. Ruwanda kuwa ɗan Najeriya a filin jirgin Kigali ake buga masa izinin kwana 30 kyauta saboda muna cikin Tarayyar Afirka. To kuɗin bizar mene ne suke karɓa? Abin da lallai za ka nema shi ne fasfo mai rai da katin rigakafin shawara, wannan katin mai ruwan ɗorawa, shi kuma kai da kanka za ka je a yi maka.

Sun rubuta wai duk iyali za su hau dutse ganin gwaggon biri a Ruwanda. Izinin ganin gwaggon biri a can dala 1,500 ne kan mutum ɗaya, kuma ba a barin yaron da bai kai shekara 15 ba ya je. Yaran yayana babbar cikinsu tana firamare. Izinin mutum biyu kaɗai ya kusa cinye duk kuɗin da suka ce na tafiyar ne gaba ɗaya har da jirgi da otal da abinci. Haka Masai Mara, gandun namun dajin nan na Kenya, daga Yuli zuwa wajen Oktoba lokacin da garken namun daji ke ƙetaro kogin Mara daga Serengeti ta Tanzaniya, shi ne lokacin da komai ya fi tsada, kuɗin shiga kaɗai dala 200 ne kan babban baƙo a kowace rana. Wanda ya ce zai kai ka can a Agusta da kuɗin da bai kai na tikiti ba, ba kai ka zai yi ba.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne tikitin. Sun turo takarda mai tambarin kamfanin jirgi da sunayen yara duka, da lambar nan mai harafi shida, matar yayana ta shiga shafin jirgin ta duba ta ga sunansu ya fito, hankalinta ya kwanta ta tura cikon kuɗi. Ashe kama kujera kawai aka yi ba a biya ba, irin wannan in ba a biya ba kamfanin jirgi da kansa yake sokewa bayan ɗan lokaci. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, ku nemi wannan lambar, ku kira kamfanin jirgin da kanku ku ji. Da ta koma dubawa babu komai, waya a kashe, shafin Instagram ya canza suna. Muka je ofishin da suka ce nasu ne a wani filaza a Wuse, muka tarar da yaro yana sayar da caja da gilashin waya, ya ce ai mu ba mu ne na farko ba, tebur ɗaya suka yi haya suka kwashe da dare.

Yanzu maganar da ta fi damuna, kuma ina roƙon ku saurare ni ko da wanda ya zo muku ba ɓarawo ba ne, ko da da gaske zai kai ku. Wannan harka ta kai 'yan yawon buɗe ido gidan marayu ita kanta akwai cuta a ciki. Ƙungiyoyin kare yara irin su Save the Children sun daɗe suna faɗa cewa kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da ke irin gidajen nan a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su, wasu kuma yaudarar iyayen ake yi da alkawarin makaranta a kwaso su daga ƙauye domin a cika gida baƙi su zo su ba da dala. In yaro ya yi ƙiba ya sa kaya masu kyau baƙo ba zai ji tausayi ba, ku yi tunanin abin da mai gidan zai yi da wannan lissafi. Sannan yaro ya saba da ke, ki rungume shi ki ɗau hoto, jibi ki tafi wata ta zo, haka rayuwarsa za ta yi ta tafiya, kuma babu wanda ya binciki ko waye ke shigowa wajen yaran. Ostireliya a 2018 ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin nau'in bautar zamani. Ruwanda ɗin da suke cewa za su kai ku, tun 2012 gwamnatinta ta fara rufe gidajen marayu tana mayar da yara hannun dangi da masu riƙo, Kenya ma tun 2022 ta kama wannan hanyar. To wane gidan ne ke buɗe ƙofa ga kowa da kyamararsa?

In lada kake nema, marayu suna nan a danginka da layinku, a Kubwa da Nyanya da Mararaba, akwai zawarawa da ke fama da kuɗin makaranta da haya, ka biya ka ga rasit ka san yaron da sunansa yana gaban uwarsa. In namun daji yara ke so, Yankari tana nan a Bauchi da giwayenta da ruwan Wikki, in kuma Kenya ɗin kake so ka je abinka, wuri ne mai kyau, amma ka raba ta da maganar marayu.

Kafin ka tura ko sisi ka duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka tambaya ko suna cikin NANTA, ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta Najeriya, ka karɓi sunan otal ɗin da na kamfanin da zai ɗauke ku a can ka tuntuɓe su kai tsaye, kar ka tura kuɗi akawun ɗin mutum. Wanda kuma ya riga ya tura, kar kunya ta sa ka yi shiru, ka garzaya bankinka yau ka kai ƙorafi a rubuce, ka adana alat da rasit da saƙonnin murya kar ka goge komai. Mu muna haɗa namu za mu kai EFCC, duk wanda abin ya shafa ya yi min magana ta akwatin saƙo mu haɗa takardun wuri ɗaya.